TIMIYA: GARIN LEMU A TSAKIYAR DUWATSUN ABZIN

Duk wanda ya shiga kasuwar Agadas ko ta Arlit a lokacin ɗari ya ga lemu tsibi-tsibi, ga rumman a gefe, ga albasa buhu bisa buhu. Hatta a Yamai, in manoman garake na jahar Agadas suka sauko baje kolinsu, jama'a kan yi cincirindo wajen masu lemu. In ka tambayi mai sayarwa inda kayan suka fito, sau da yawa zai ce maka daga Timiya. Mai saye ya biya kuɗinsa, ya ɓare, ya sha, ya yaba zaƙi, ya kama gabansa. Amma cikin masu shan lemun nan da wuya ka sami wanda ya taɓa taka garin.

Abin mamaki kuwa, an yi zamanin da Nasaru ke baro Faransa da Jamus da Italiya, su kashe kuɗi masu yawa, don su zo su kwana ɗaya ko biyu a wannan ɗan ƙaramin gari namu. Su sun san shi, mu masu ƙasa ba mu san shi ba. Yau ƙafar Nasaru ta ɗauke. Shi ya sa muka ga ya kamata mu je mu gano wa masu karatu yadda garin yake, da abin da ke riƙe da shi bayan tafiyar baƙin. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Hanya

Timiya tana arewa maso gabas da Agadas, tazarar wajen kilomita 220. A takarda wannan ba wata tafiya ba ce, kusan nisan Maraɗi zuwa Damagaram ke nan. Sai dai wanda ya auna hanyar Abzin da ma'aunin kwalta ya yi kuskure. Nan babu kwalta. Mota mai ƙarfi ake so, irin wadda ake kira kat-kat, da direban da ya san dutse ya san yashi, kuma wanda ya tashi da safe kada ya sa rai da isa kafin rana ta yi sanyi.

Mun bar Agadas bayan sallar asuba. Da fari hanya na bin ƙoramar Telwa, wadda ke saukar da ruwan duwatsu har zuwa birnin. Da rani ba ka ganin komi cikinta sai farin yashi, har mutum ya raina ta. Mutanen Agadas ba su raina ta ba, domin a farkon watan Satumba na 2009 ruwanta ya karya shingen da aka yi masa, ya shiga birnin cikin dare, ya rushe gidaje masu yawa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa, gama duk rayuwar Abzin a bakin ƙorama take, alherinta da sharrinta.

Bayan Dabaga da garakenta sai ƙasa ta sake kama. Itatuwan goriba da aduwa da magarya suna nan cikin kwari, amma da an hau tudu babu komi sai baƙaƙen duwatsu warwatse iyakar ganin ido, kamar an yi gobara an ƙone duniya. Nan da can ana hango tsaunuka masu tsinin kai kamar malafa. Masana sun ce duwatsu ne masu aman wuta waɗanda suka mutu tun zamanin da. Aka wuce El Meki, inda aka daɗe ana haƙar kuza tun lokacin mulkin mallaka. Daga nan hanya ta ƙara tsanani. A hau, a gangara, a faɗa cikin yashin ƙorama, a fito, a sake hawa. Wani wurin mai tafiya a ƙasa ma ya fi mota sauri. Jifa-jifa kan ga yarinya da garken awaki a gindin dutse, ta tsaya tana kallon mota, ba gida kusa, ba rijiya, har ka rasa inda ta fito.

Ruwa cikin dutse

Ƴan kilomitoci kafin a shiga gari sai direba ya ratse hanya, ya tsaya a bakin wani lungu tsakanin duwatsu. Muka sauka, muka taka kaɗan, sai ga ruwa na gangarowa daga saman baƙin dutse, daga wannan mataki zuwa wancan, yana zuba cikin wani ɗan tafki mai sanyi. Wannan shi ne magangarar ruwan Timiya da hotonta ya zagaya duniya. Bayan damina ruwan na zuba da ƙarfi, da rani kuwa ya rage, amma tafkin na riƙe da ruwa, makiyaya na kawo dabbobinsu.

Gaskiya ita ce, mutumin Gaya ko na Tillaberi da ya tashi a bakin kogin Kwara zai iya yin dariya in an ce masa wannan ne abin da ake yi wa doguwar tafiya. Amma a sa shi ya wuni cikin zafin dutse, ƙura ta cika masa hanci, leɓɓansa su bushe, sa'an nan a kawo shi nan ya ji ƙarar ruwa. Ba zai yi dariya ba. Mu kanmu mun yi alwala, mun yi sallar la'asar a bakin tafkin, ba wanda ya yi gaggawar komawa mota.

Ana barin wurin ba da jimawa ba sai kwari ya buɗe. Ga faffaɗar ƙorama ta farin yashi, ga kore shar a gaɓarta, dabino sun yi sama, ga gidajen laka da dutse a gindin tsauni, launinsu ɗaya da ƙasar da aka gina su a kanta. Wannan ita ce Timiya. Garin ya haura mita 1,000 bisa teku, shi ya sa da rana ta faɗi a lokacin ɗari sanyi ke sauka kamar an zuba ruwa. Wanda ya zo ba bargo ya kwana zaune. A tsarin mulki Timiya ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Iferwan, kuma ƙidayar 2012 ta sami wajen mutum 19,000 a cikinta, in an haɗa garin da ƙauyuka da zangon makiyaya.

Mutanen garin Abzinawa ne na ƙabilar Kel Ewe. Harshensu Tamajak, amma Bahaushe ba ya ɓata a nan. Ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa, ka yi ciniki da Hausa, tsoho ya ba ka labarin Tasawa da Kano kamar can aka haife shi. Wannan ba sabon abu ba ne. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya ratsa Abzin a 1850, ya zauna a Tintellust wajen Annur, babban mutumin Kel Ewe na lokacin, kuma ya rubuta cewa ya tarar da su suna jin Hausa sosai. Tarihin Gobirawa ma ya ce kakanninsu sun zauna Abzin kafin su gangaro kudu. Ashe ɗan Tsibiri ko ɗan Madawa da ya zo nan, in an bi salsala, ba baƙo ne ƙwarai ba.

Cikin garka

Kashegari da hantsi muka shiga garake. A nan ne mutum zai gane garin.

Garkar Timiya hawa uku gare ta. Sama dabino, shi ke tare rana. Ƙarƙashinsa lemu mai zaƙi da lemun tsami da babban lemun nan mai ɗan ɗaci da ake kira pampalamus, da rumman da ɓaure, wani wurin har da inabi. A ƙasa kuwa fangaloli ne jere, na alkama da masara da albasa da tafarnuwa da tumatir, gwargwadon lokaci. Babu taƙin ƙasa da aka bari banza, domin ƙasar noma a nan ƴar siririya ce, tsakanin yashin ƙorama da gindin dutse. Manomin kudu mai gona iyakar ganin ido, in ya ga abin da ake fitarwa daga fili kamar tsakar gidansa, zai riƙe baki.

Ruwan sama kaɗan ne a Abzin, ba ya isa a shuka hatsi a jira girbi kamar yadda muke yi a kudu. To, ina ruwan yake fitowa? In hadari ya zuba bisa duwatsu, dutse ba ya shan ruwa, sai duk ya taru ya gangaro cikin ƙorama. Ƙorama ta yi gudu awa kaɗan ko kwana ɗaya, ta ɗauke. Amma wani kashi na ruwan ya nutse cikin yashi ya kwanta a ƙasa, inda rana ba ta kai masa. Wannan ajiyayyen ruwa shi rijiyoyin garake ke ja duk shekara. Ke nan yashin da baƙo ke gani kamar banza, shi ne randar garin.

Hanyar ɗebo ruwan ta gargajiya abin kallo ce. Ana kiranta takarkart. Ana kafa itatuwa bisa bakin rijiya, a sa ƴar ƙafar katako mai juyawa, a ɗaura igiya ga babban guga na fata mai dogon baki kamar hantsar raƙuma. Ɗaya kan igiyar yana jikin raƙumi ko sa. Yaro ya ja dabbar ta yi gaba, guga ya taso cike, in ya kai sama bakinsa ya saki da kansa, ruwa ya zuba cikin fafaffen gungumen dabino, ya bi lambatu zuwa fangali. Dabba ta juyo, guga ya koma. Shi kuma mai garka yana can da ƴar fartanyarsa, ya buɗe wa wannan fangali, ya toshe wancan. Haka daga safe har rana ta take. Kukan katakon nan, ƙiii-ƙiii, da shi tsofaffin garin suka girma.

Yau kukan ya ragu, na injin ban ruwa ya fi yawa. Inji ya hutar da yaro, ya ba shi damar zuwa makaranta, ya sa an faɗaɗa noman albasa wadda ake lodawa manyan motoci zuwa Agadas, daga can har ƙasashen bakin teku. Ba mai musun amfaninsa. Amma raƙumi yana gajiya a huta, inji ba ya gajiya. Abin da raƙumi zai ɗebo a wuni, inji ya zuƙe shi cikin ɗan lokaci, randar kuwa ita ce dai ta da. In damina ta yi rowa shekara biyu a jere, sai rijiyoyi su yi ƙasa, mai hali ya ƙara zurfin tasa, marar hali ya zuba ido itatuwansa na bushewa. Albasa in ta mutu bana a sake shukawa baɗi. Itacen lemu in ya mutu, shekaru ne suka tafi. A ganinmu wannan ita ce babbar maganar Timiya, ta fi maganar zuwan baƙi ko rashin zuwansu.

Ga kuma ɗaya fuskar ƙoramar, wadda muka ambata a Telwa. Shekarar da ruwa ya yi yawa, ambaliya na cin gaɓa, ta tumɓuke dabinon da kakan mutum ya dasa, ta cike rijiya da yashi a dare ɗaya. Shi ya sa ake ganin shingen duwatsu cikin ragar waya a bakin wasu garake. Manomin nan yana roƙon Allah ruwa, yana kuma tsoron ruwan.

Daga saman tsauni

Bisa wani tsauni da ke kallon garin akwai wani gini mai kama da ganuwa, ana kiransa Fort Massu. Sojin Faransa suka gina shi a farkon shekarun 1950, aka sa masa sunan Jacques Massu, hafsan da ya yi aiki a Yamai a lokacin, wanda daga baya sunansa ya fito a yaƙin Aljeriya. Hawan akwai ɗan wuya, amma wanda ya daure ya kai sama kafin faɗuwar rana ya ga garin duka a tafin hannunsa: ƙorama kamar farin rawani da aka warware, garake na biye da ita, hayaƙin girki na tashi, awaki na komowa gida.

Me ya sa Nasara ya zaɓi wannan wuri ya yi gidan soji? Wanda ya san tarihin Abzin ba zai yi tambaya ba. A watan Disamba na 1916 Kawsan da mayaƙansa, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka kewaye barikin Faransawa na Agadas, sai a watan Maris na 1917 dakarun agaji suka iso suka kore su. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni ƙwarai. An kashe mutane, har da malamai, an kwashe raƙuma, ƙauyuka da yawa na cikin duwatsu suka watse. Garuruwan Abzin da muke gani yau sun farfaɗo ne bayan wannan masifa, kuma mai mulkin mallaka bai daina sa musu ido ba har ya tafi a 1960.

Arewa da Timiya kuma akwai kufan Asode, wadda ta taɓa zama babban birnin Abzin. Labarin da Barth ya samu a 1850 shi ne gidajenta sun kai dubu, amma tun lokacin ƴan kaɗan ne kawai ke da mutane a ciki. Yau ba kowa. Bangayen dutse ne tsaye, da kangon babban masallaci, da fasassun tukwane a ƙasa. Wanda ya zo Timiya bai leƙa Asode ba ya bar rabin karatu.

Duwatsun murhu

Tukunyar mutanen Timiya bisa duwatsu uku take zaune tun kaka da kakanni. Na ɗaya garka, mun gan ta. Na biyu awaki, waɗanda kiwonsu na mata ne. Su ke bin su cikin kwaruruka, su tatsi nono, su yi cuku, wanda ba ya lalacewa ko ya yi watanni. Na uku ayari.

Ayarin Kel Ewe tafiya ce mai kusurwa uku. Wajen watan Oktoba maza kan ɗaure kaya su nufi gabas, su ratsa rairayin Tenere zuwa Bilma. A hanyar nan babu ciyawa ko ta magani, saboda haka raƙumi ke ɗauke da abincin da zai ci zuwa da dawowa, ana ajiye wani a hanya don komowa. Madugu ke gaba, rana da taurari ne alamarsa. A Kawar su sauke hatsi da cuku, su ɗauki kantun gishiri da dabino. Su komo Abzin su ɗan huta, sa'an nan su gangara kudu, Damargu da Damagaram da Tasawa, wasu har Katsina da Kano. Can raƙuma su ci karan gonaki bayan girbi, su bar wa manomi taki, su kuma masu ayari su sayar da gishiri su sayi gero. A nan ne ake samo baƙin rawanin nan mai ƙyalli, aikin marinan Kura ta ƙasar Kano, wanda Ba'abzine ke naɗawa ranar buki. Kafin damina su kama hanyar gida. Mafi yawan shekara namiji ba ya gari. Wannan ita ce makarantar da suka koyi Hausa a cikinta.

Hikimar wannan tsari ita ce, in dutse ɗaya ya goce sauran biyu su riƙe tukunya. An ga haka a farin 1973 da 1974, an sake gani a na 1984 da 1985, wanda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da aka yi a watan Afrilu na 1984, ga yunwa ga hanyar hatsi a toshe. Wani malamin jami'a Bajamushe, Gerd Spittler, wanda ya fara zama da mutanen Timiya tun shekarun 1970, ya rubuta littattafai a kan yadda suka fuskanci fari da yunwa, da kuma a kan aikin makiyayansu. Ta hanyarsa ɗaliban Turai da yawa suka san sunan garin. Yau manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na fataucin gishiri, ayari ya ragu, amma bai mutu ba.

Dutse na huɗu

Yawon buɗe ido ya zo daga baya. A shekarun 1970 Mano Dayak ya kafa kamfaninsa na kai baƙi yawo, Temet Voyages, wasu suka bi sawunsa. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa Agadas tun karonsa na farko a 1979, ya ƙara nuna wa duniya wannan yanki. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere, fili mai faɗin sama da murabba'in kilomita 77,000, kuma a 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Timiya tana bakin wannan gandu, sai ta zama zangon da ba a tsallakewa. Motoci su taso daga Agadas, su tsaya a magangarar ruwa, baƙi su zaga garake, su hau Fort Massu, kashegari su wuce Asode, daga can su shiga rairayin Tenere, su ɓullo ta Iferwan.

Kuɗi sun shigo. Direba da ɗan jagora da mai dafa abinci da mai ba da hayar raƙumi duk sun samu. Maƙera sun fi kowa jin daɗi. Cikin sarƙoƙin azurfa 21 da aka san ƙasar nan da su, waɗanda ta Agadas ce shugabarsu, Timiya na da tata mai sunanta, kuma baƙo ba ya son tafiya bai saya ba. Mata suka sayar da aikin fata da na kaba. Wasu baƙin da suka koma gida suka kafa ƙungiyoyin zumunci, suka taimaka da rijiyoyi da makaranta da magani. Alheri ne, ba za a manta ba.

Amma a faɗi gaskiya, ba duka ne alheri ba. A wuraren da baƙi ke tsayawa yara sun koyi bin mota suna miƙa hannu suna cewa kado, abin da iyayensu ke jin kunyarsa. An kuma yi ta tsintar kayan mutanen da, irin su kan kibiya na dutse da duwatsun niƙa, ana ficewa da su daga ƙasa. Babban aibinsa kuwa shi ne, sana'a ce wadda mabuɗinta ke hannun wani.

An ga haka sau biyu. Tawayen da ya tashi a farkon shekarun 1990 ya kori baƙi, har UNESCO ta sa gandun cikin jerin wuraren da ke cikin hatsari a 1992. A wannan hargitsi ne aka ƙarar da mafi yawan jiminun daji na Abzin. Aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a hatsarin jirgin sama a watan Disamba na wannan shekara, aka sa wa filin jirgin Agadas sunansa. Kasuwa ta sake buɗewa, jirage suka riƙa sauka kai tsaye daga Faransa a lokacin ɗari, aka fara bukin al'adun Abzin a Iferwan a 2001. Sai ga tawaye na biyu, wanda ya fara da harin Iferwan a watan Fabrairu na 2007. Aka binne nakiyoyi a hanyoyi, garake suka rasa hanyar kasuwa. Wutar ta mutu a 2009, amma kafin baƙi su komo sai aka sace mutum bakwai a Arlit a watan Satumba na 2010. Gwamnatocin Turai suka gargaɗi mutanensu da kada su zo. Ko sa tsohon birnin Agadas cikin kayan gadon duniya da aka yi a 2013 bai maido da kasuwar yadda take ba, sace wasu Turawa mata biyu a Agadas a 2025 kuma ya ƙara tsoratar da masu niyya.

Waɗanda suka dogara ga baƙi kaɗai su suka fi shan wuya. Direbobi da ƴan jagora da yawa suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, har dokar 2015 ta hana, kafin a soke ta a watan Nuwamba na 2023. Wasu samari suka nufi haƙar zinariya a Jado da Cibarkaten daga 2014. Maƙeri ya koma ƙera wuƙa da fartanya, ko ya ɗauki jakarsa ya bi baƙi har Yamai da ƙasashen waje. Amma Timiya ba ta zama Asode ba. Wanda ke da garka ya koma garkarsa, mai awaki tana nan da awakinta. Dutse na huɗu ya goce, tukunya ba ta kife ba, domin dama ba a kansa take zaune ba.

Baƙon gida

To, ƴan'uwa masu karatu, musamman ma'aikatanmu, ga tambaya. In hutu ya zo, mai hali a cikinmu ya nufi Kotonu ko Lome ko Dubai. Ɗalibinmu ya san sunan duwatsun Turai, amma ka tambaye shi dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar ya yi shiru, alhali yana nan cikin Abzin, Idukal-n-Tagas na tsaunin Bagzam, mai mita 2,022. Ɗan ƙasa ba ya bukatar biza, ba ya jiran wata gwamnati ta ba shi izinin ganin ƙasarsa. Kuɗinsa ba su kai na Nasara ba, gaskiya ne, amma shi ba ya ɗauke ƙafa don an yi shela a wani gidan rediyon waje. Makarantu da ƙungiyoyin ma'aikata da na ƴan kasuwa za su iya haɗa kai su ɗauki mota, kamar yadda ake yi in za a je bukin Bianu ko taron Ingal.

Ga mahukunta kuma, abin da zai jawo baƙon gida shi ne dai abin da manomin garin ke bukata, wato hanya. Lemun da ya wuni yana dukan juna bisa dutse ba ya isa kasuwa da darajarsa, kuɗin mota kuma su cinye ribar. Mace mai naƙuda da za a kai babbar likita ita ma wannan hanyar za ta bi. In an gyara ta don lemu da marar lafiya, mai yawon buɗe ido zai biyo baya ba sai an kira shi ba.

Wanda ya yi niyyar zuwa, lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da lemu ya nuna, zafi kuma ya sauka. Da damina ƙoramu na tare hanya. Kafin ya tashi ya nemi labarin hanya wajen hukuma a Agadas, ya bi abin da aka ce masa, ya ɗauki ɗan jagora ɗan yankin, ya riƙe ruwa da mai da bargo. In ya isa ya fara gaida manyan gari. Kada ya ɗauki hoton mace sai da yardarta, kada ya tsinki ɗan itace a garkar da ba a ba shi ba, ko da yake da wuya ya fita garka hannu banza. Kada ya sa sabulu cikin tafkin magangara, dabbobi da mutane na sha. In an dafa masa shayi ya zauna har kofi na uku, tashi bayan na fari rashin ladabi ne. Abin da zai saya kuwa ya saya hannun wanda ya yi shi.

Ranar da za mu komo, tun da duhu muka ji ana loda wata babbar mota a bakin ƙorama, buhunan albasa a ƙasa, kwalayen lemu a sama, fasinja bisa kaya sun ƙudundune cikin rawani da bargo. Ta riga mu tashi da awa biyu. Mun cim mata kafin El Meki, ta kafe cikin yashi, mutane sun sauka suna tona ƙarƙashin ƙafafunta suna shimfiɗa duwatsu. Muka tsaya muka sa hannu har ta fita. Mai kayan ya buɗe kwali ɗaya ya ba kowannenmu lemu biyu, muka yi sallama, muka wuce su. Mun shiga Agadas ana kiran magariba, hasumiyar babban masallaci na gabanmu. Su kuwa sai kashegari da rana muka gan su suna sauke kaya a kasuwa.